Gashin hancina ya fara leƙowa waje, almakashi zan saya ko inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da wata ƴar matsala da nake jin nauyin tambayar kowa ido da ido. Shekarata 47, kuma kusan shekara biyu kenan gashin hancina ke tsawo har yana leƙowa waje, ni ban ma lura ba sai da ƙaramar ƴata ta ce Baba meye wannan a hancinka, a gaban baƙi fa. Tun daga ranar na koma tuge shi da hantsaki, hawaye na zuba ina atishawa ina daurewa, to watan jiya wani ƙurji ya fito min a cikin ƙofar hancin, ya yi kwana biyar ko taɓawa bana iyawa. Na duba intanet naga injina kala kala, wani mai zagayayyen kai, wani kamar ƙaramar kilifa, ga almakashi, ga wani kaki da ake cusawa a fizge. Wanne ya dace in saya? Kuma gaskiya ne wai in ka fara yankewa ƙara yawa yake?
Daga Malam I. S.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai dan Allah ka ajiye hantsakin nan, ka barshi ya koma aikin cire ƙaya da sartse, dan ƙurjin da ka ce ya fito maka kusan tabbas shi ya jawo. Cikin hanci waje ne mai ɗumi da laima kuma ƙwayoyin cuta na zaune a wurin dama can, akwai wata mai suna Staphylococcus aureus da kusan mutum ɗaya cikin uku ke yawo da ita a hanci lafiya lau ba tare da ta yi masa komai ba, amma da zarar ka tuge gashi daga saiwa ka bar ɗan rami a buɗe sai ta samu ƙofa ta shige, shikenan sai ƙurji ko maruru. Kuma jijiyoyin jinin wannan yankin, daga karan hanci zuwa gefen baki biyu, suna da hanyar da ta haɗa su da wata matattarar jini dake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi yasa likitoci basa son a matse ƙurjin wurin. Ba kasafai abin ke kaiwa can ba, kar in tsorata ka a banza, amma in ƙurjin ya dawo har hancin ya kumbura ya yi ja ko zazzaɓi ya biyo baya to asibiti zaka nufa, ba gaban madubi ba.

Batun wai yankewa na ƙara masa yawa, ba haka bane. Almakashi bai san inda saiwar gashi take ba balle ya canza mata hali. Abinda ke faruwa gashin da ba'a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne, in ka yanke sai bakin ya zama guntu mai kauri, yana tsirowa sai kaji kamar ya ƙara ƙarfi. Tsawon da kake gani kuwa aikin shekaru ne, maza in suka fara manyanta sinadarin mazantaka da ake kira testosterone na sa gashin hanci da na kunne da na gira su daɗe suna girma kafin su zube, na kai kuma yana ta guduwa, abin haushi dai. Ko ka yanke ko ka bari zai cigaba.

Wani abu da nake so ka riƙe kafin ka kashe kuɗinka: ba share hancin tas ake so ba. Gashin nan mai gadi ne, shi ke tare ƙura da ƙananan abubuwan dake yawo a iska kafin su wuce ciki. A 2011 anyi wani bincike a Turkiyya kan masu fama da murar alaji, wato atishawa da yoyon hanci da wani abu da aka shaƙa a iska ke tayarwa, aka ga waɗanda gashin hancinsu bai da yawa sun fi kamuwa da asma akan masu yalwarsa. Saboda haka wanda ya leƙo kawai zaka rage, na can ciki ka barshi ya yi aikinsa. Da wannan ma'aunin kaga kakin nan ya faɗi jarabawa tun kafin a fara, dan shi tugewa ne irin na hantsaki sai dai shi gashi da yawa yake kwasowa lokaci guda, wani lokacin har da ƴar fata. Man cire gashi irin wanda ake shafawa a ƙafa ko hammata kuwa ko kusa da hanci kar ya zo, sinadarin cikinsa narkar da gashi yake kuma fatar cikin hanci bata da kaurin da zata jure, ga warin da zaka shaƙa kai tsaye. Reza ma haka.

Saura almakashi da inji kenan. Almakashin da nake nufi ba na ɗinki ko na yankan farce mai tsini ba, akwai ƙarami da aka yi musamman dan wannan aikin, bakinsa a dunƙule yake kamar kan ashana yadda ko hannunka ya goce bazai soke ka ba. Ni dai shi na fi so kuma bazan ɓoye ba, baya cin batir, baya lalacewa, wanke shi minti ɗaya ne, kuma kai ke zaɓar silin da zaka yanke. Matsalarsa yana son ido mai kyau da hannun da baya rawa, a shekarunka kuma nasan ƙila ka fara nisanta takarda da fuskarka kafin ka iya karantawa, in haka ne sai ka haɗa da madubi mai ƙara girma da haske sosai, in ba haka ba zaka yi ta yankan iska.

Injin kuma gida biyu ne. Mai zagayayyen kai, wanda bakinsa kamar ɗan bututu mai tsaga tsaga, wuƙar tana juyawa ne a ciki, gashi ya shiga ta tsagar ta datse shi, ƙarfen waje kuma ya kare fata. Wannan shi yafi sauƙi ga wanda bai saba ba dan kusan ko ido rufe zaka iya, ka saka bakinsa kawai, ka juya a hankali, ka fitar. Ɗayan mai haƙora a gefe kamar ƙaramar kilifa, shi kuma ya fi amfani da yawa, yana gyara gira da gefen kunne da bakin gashin baki, amma a cikin hanci sai ka koyi yadda zaka karkata shi. In hanci ne kaɗai damuwarka ɗauki mai zagaye, in kunnen ma ya fara fitar da nasa to mai haƙoran gefe ko wanda ake canza wa kai. Akwai ma mai zagaye da baya amfani da wuta kwata kwata, da yatsu ake matsawa ko a murza, yana da ƙarko amma in ka yi sanyin hannu wajen matsawa yakan cije gashi ya ja.

Kamfanoni irinsu Philips da Panasonic da Wahl da Braun duk suna yi, sai dai ni ba sunan nake fara dubawa ba. Ka duba wuƙar ta zama ta ƙarfen da baya tsatsa, dan kullum cikin laima take aiki. Ka duba kan yana cirewa a wanke shi a famfo, wannan yafi duk wani ƙyale ƙyale muhimmanci, inji mai fitila ko mai zuƙe gashi da kansa duk ƙari ne, amma wanda baya wankuwa bayan wata uku bazaka so ka kalli cikinsa ba. In kaga an rubuta IPX7 a kwalin, ma'anarsa zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, to wannan ka wanke shi hankalinka kwance. Sai batir, yawanci AA guda ɗaya suke ci, wasu kuma caji ake musu da USB. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine injin dake fizgar gashi sau da yawa ba lalacewa yayi ba, batirin ne yayi sanyi wuƙar bata gudu yadda ya kamata, maimakon ta yanke sai ta ja. Kana jin ƙararsa ta sauka ka canza batir. Kuma in zaka ajiye shi ya daɗe ka cire batirin kar ya zubo a ciki.

Wajen amfani, ka fyace hanci tukuna ka goge ya bushe dan jiƙaƙƙen gashi kwanciya yake ya manne, ka ɗan tura kan hancin sama da yatsa, ka kunna injin kafin ka saka ba bayan ka saka ba. Kar ka wuce ƙofar, kuma ka yi hankali da bangon tsakiya wanda ya raba ƙofofin biyu, gabansa cike yake da ƙananan jijiyoyin jini kuma daga nan mafi yawan haɓo ke ɓallewa. In kana da ciwon suga, ko kana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, to inji mai kariya yafi maka almakashi. Ka gama ka wanke, ka goge da sifirit, ka bari ya bushe. Duk sati ɗaya ko biyu ya isa. Kar ka ara wa kowa ko da ɗan'uwanka ne, abinda zai iya taɓa jini ba'a tarayya a kansa, ciwon hanta nau'in B na iya bi ta irin wannan hanyar. Sannan ka jira ƙurjin nan ya warke sarai kafin ka saka komai a wurin.

Ka gaida min ƴar taka, ita dai ta faɗi abinda abokan aikinka suka yi shekara biyu suna gani suna shiru.