Abin da ke riƙe mai karatu a littattafan kisan kai na gidajen karkarar Birtaniya

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau ake rububin waɗannan littattafai, alhali a ganinka duk tafiyarsu ɗaya ce: katafaren gida a karkarar Ingila, baƙi sun zo kwana biyu, an wayi gari da gawa a ɗakin karatu, mai bincike ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi. Gaskiyarka, tafiyar ɗaya ce, kuma daɗin yana cikin wannan ɗayantakar. Mai wasan dara ba ya ƙorafin cewa gurbin jiya ne na yau. Abin da yake kallo shi ne yadda abokin karawarsa zai motsa.

Ginshiƙin abin shi ne rufaffen gida. Idan an kashe mutum a titin Landan, kowa cikin miliyoyin mutane zai iya zama mai laifi, mai karatu ba shi da ta cewa sai ya bi 'yan sanda a baya. Amma idan ƙofofi a kulle suke daga ciki, kuma mutum takwas ne suka kwana a gidan, to mai laifi yana cikin takwas ɗin, ka ji muryarsa, ka ga ya miƙa wa wani shayi. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan tsoro na cewa makashin na gida ne ya girmi littattafan kansu. A 1860, a wani gida da ake kira Road Hill a yankin Wiltshire, an ɗauke yaro ɗan shekara uku daga gadonsa cikin dare aka kashe shi. Jami'in da aka turo daga Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, mai suna Jonathan Whicher, ya zargi 'yar uban yaron mai shekara 16, saboda wata rigar barci da ta ɓata. Jama'a suka yi masa ca, wai ya ci mutuncin 'yar manya. A 1865 ta amsa laifin da bakinta. Duk kayan aikin wannan salo suna cikin shari'ar nan: gidan mutunci, barori, kishin 'yan uba, baƙon jami'i mai tonon silili, da ƙaramin abu guda da ya ɓata.

Abu na biyu shi ne alƙawarin da ke tsakanin marubuci da mai karatu, cewa ba za a yi maguɗi ba. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma. Daga ciki: dole a ambaci mai laifi tun farkon labari, ba aljanu ba tsafi, kada ɗakin sirri ko ɓoyayyar hanya su wuce ɗaya, kada a kawo gubar da kimiyya ba ta san ta ba, kada tagwaye su faɗo daga sama ba tare da an shirya mai karatu ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani, a nuna wa mai karatu. Saboda haka littafin kacici-kacici ne da aka ba ka dukkan abin da kake buƙata don ka warware, sai dai an ajiye shi inda idonka ba zai tsaya ba. Littafin farko na Agatha Christie, The Mysterious Affair at Styles, na 1920, har da zanen ɗakunan gidan a ciki, don ka auna da kanka wace ƙofa ke kallon wace. Gubar da ta yi amfani da ita kuwa ta san ta da kyau, domin ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Akwai wani abu da mai karatu Bahaushe ya kamata ya fahimta, in ba haka ba rabin labaran za su zame masa banbaraƙwai, wato gado. A wurinmu Musulmi an riga an raba: wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba wasiyya ga magaji. A dokar Ingila kuwa mai dukiya yana da ikon ya rubuta kusan komai ga wanda ya ga dama, ya hana ɗan cikinsa, ya bai wa sabuwar amarya ko ma'aikaciyar jinyarsa, iyaka wanda aka hana ya je kotu ya nemi a duba shi. Yana iya yage wasiyyar yau ya rubuta wata gobe, muddin akwai shaidu biyu da ba su da rabo a ciki. Sabon aure kuma yakan soke tsohuwar wasiyya. To ka duba abin da ke faruwa idan dattijo ya faɗa a kan teburin cin abinci cewa ya kira lauyansa ya zo ranar Litinin. Daga wannan daren zuwa Litinin, duk wanda ke zaune a wurin yana da dalilin so a mutu kafin a sa hannu, ko kuma bayan an sa. Wani yana bin lokaci, wani lokaci na bin sa. Inda dokokin biyu suka haɗu shi ne makashi ba ya cin gadon wanda ya kashe, shi ya sa bai ishe shi ya kashe ba, sai ya ɗora wa wani ko ya mai da shi haɗari.

Shi kansa gidan hawa biyu ne na mutane. Iyayen gida suna da matakalarsu, barori suna da tasu ta baya, da ƙofa mai raba tsakani, da jerin ƙararrawa a ƙasa mai nuna ɗakin da aka yi kira. Shugaban barori, uwar ɗakin masu aiki, kuku, direba, mai lambu: suna ganin komai, ba wanda ke ganinsu. Mai goge takalma ya san wanda ya taka taɓo da dare. Mai kwashe toka ta san ɗakin da aka ƙona takarda. Tsofaffin marubuta sun mai da su kamar kujeru, na yanzu kuwa sukan ba su baki da zuciya da nasu ƙullin, kuma a ganina wannan ne babban abin da zamani ya ƙara wa salon.

Yanzu ga matsalar marubucin yau. Yaya za ka rufe gida a zamanin da kowa ke da waya a aljihu, ga kyamarori, ga gwajin ƙwayar halitta da aka fara kama mai kisa da shi a Ingila tun ƙarshen shekarun 1980? Hanyoyin da suke bi ba su da yawa. Wasu sukan koma baya, su ajiye labarin a shekarun 1920 ko 1930, kamar Sophie Hannah da iyalan Christie suka ba izinin ci gaba da rubuta labaran Poirot, shahararren mai bincike a littattafan Christie, tun 2014. Wasu sukan yanke gidan daga duniya: Lucy Foley ta yi amfani da dusar ƙanƙara a tsaunukan Sikotland, sannan a The Guest List na 2020 ta kai bikin aure wani tsibiri a gaɓar Ayalan inda guguwa ta tare hanya. Wasu sukan sauya wa gidan aiki, wanda kuma shi ne gaskiyar tarihi, domin harajin gado, da ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa an rushe ɗaruruwan irin gidajen, wasu suka koma otal, makaranta ko hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana gidajen tarihi. P. D. James a 2008 ta mai da nata gidan asibitin kuɗi a Dorset. Richard Osman a 2020 ya ɗauki unguwar 'yan fansho a Kent, ya ba tsofaffi huɗu aikin bincike. Sai kuma masu wasa da ginin labarin kansa: Magpie Murders na Anthony Horowitz, 2016, littafi ne a cikin littafi, an ba edita rubutun da babin ƙarshensa ya ɓata, Stuart Turton kuma a 2018 ya sa mai bincike ya maimaita rana guda sau takwas, kowace a jikin wani baƙo daban. Wannan na ƙarshe ya taka ƙa'idar Knox da gangan, amma ya kafa tasa dokar tun farko ya kuma tsaya a kanta.

Inda suke lalacewa ma sananne ne. Waɗanda ake zargi idan sun gaza biyar, za ka gano tun tsakiya. Idan sun haura goma, sunaye za su cakuɗe maka har ka daina damuwa da su. Shida zuwa takwas ne daidai. Gawa idan ta makara har bayan sulusin littafi ba tare da an cika wurin da tashin hankalin iyali ba, karatu ya yi sanyi. Ɓad da sawu halal ne, amma sharaɗinsa kowane sawun ƙarya ya kai ka ga wani asiri na gaske, bashi ne ko neman matar wani ko ɗan da aka ɓoye. Idan marubuci ya jefa shi ya manta, ya ci amanarka. Mafi muni shi ne dalilin kisan da ba a taɓa shinshina shi ba sai shafi goma na ƙarshe, ko mai ba da labari da ya ɓoye abin da ya sani ba don wani dalili ba sai don ya ruɗe ka. Wasu na yanzu suna yawan faɗawa wannan rami saboda son ba da mamaki. Akwai kuma gajiyar da "babu sabis a nan" ta fara jawowa: idan wayoyi suka mutu a shafi na ashirin ba tare da hujja ba, ka san marubucin ya nemi sauƙi.

Masu suka, irin su Raymond Chandler a 1944, sun ce ba haka ake kisa a duniya ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma mai karatu bai zo neman rahoton 'yan sanda ba. Ya zo ne ya ga gidan da aka rufa wa asiri shekara talatin an yaye shi a kwana uku, a wanke marasa laifi ɗaya bayan ɗaya, a kira mai laifi da sunansa. Jini kaɗan ne, hankali ne ke aiki, shi ya sa mai tsoron labaran ta'asa yake iya karanta su da dare.

Idan za ka gwada, Malam, ka fara da ɗaya na Christie don ka ga asalin ginin, sannan ka ɗauki na Horowitz ka ga yadda aka juya shi. Ka ajiye takarda kusa. Ka rubuta sunan kowa da abu uku: me zai samu, ina ya ce yake, wa ya tabbatar masa. Duk mutum biyun da suka zama shaidar juna su kaɗai, ka sa musu alama. Ka kula da lokacin da aka ce an mutu, domin agogon da ya tsaya ko muryar da aka jiyo ta bayan ƙofa sau da yawa shiri ne. Idan aka lissafa kaya biyar a kan tebur, na uku ko na huɗu ne abin dubawa, tunda ido kan riƙe na farko da na ƙarshe. Kafin babin tara mutane a falo, ka rufe littafin ka rubuta sunan da ka zaɓa da dalilinka, sannan ka buɗe.