Ganye ne ko dabba? Halittar rairayin teku mai haske da dare

TAMBAYA: Na ga hoton wani abu shunayya mai kama da ganye, kwance a rairayin gaɓar teku a Amurka. An ce dabba ce, har tana haske cikin duhu. Da gaske ne? Kuma za ta rayu a tankin kifi na gida?

AMSA: Da gaske ne, malam. Masana suna kiranta Renilla reniformis, dangin murjani mai laushi ce. Ana samunta a ruwa marar zurfi a gaɓar Tekun Atlantika, daga Karolina ta Arewa zuwa Fulorida, har Birazil.

Abin da ka gani tarin ƙananan halittu ne a jiki guda mai siffar ƙoda, faɗinsa 'yan santimita. A ƙasansa akwai jijiya mai tsoka da take kafewa cikin yashi kamar turke. Halittun da ke samansa iri biyu ne. Masu hannuwa takwas su ne masu ci: suna kama ƙananan halittun ruwa da wata majina mai yauƙi. Sauran aikinsu zuƙo ruwa da fitar da shi. Idan teku ya janye, sai jikin ya saki ruwa, ya shafe, yashi ya lulluɓe shi. Shi ya sa mutane da yawa ke zaton ta mutu, alhali tana jiran dawowar ruwa ne.

Hasken kuwa sai an taɓa ta. Wani sinadari a jikinta yana samar da shuɗin haske, wani furotin ya karɓa ya mayar da shi kore, sai ka ga hasken yana bazuwa daga inda yatsa ya sauka. Ba shi da ƙarfi, don haka sai cikin duhu sosai, bayan ido ya saba. A 1991 masu bincike a Jami'ar Jojiya da ke Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke sa jikinta ya samar da wannan sinadari, kuma har yau ana aiki da shi a ɗakunan gwaje-gwaje.

Batun tanki, ba mu ba ka shawara ba. Ruwan famfo zai kashe ta. Tana buƙatar ruwan teku mai gishiri kusan giram 35 a lita, da yashi mai laushi da za ta kafe a ciki, da ruwa mai motsi ɗauke da abinci mai rai. A tanki yunwa ce kan gama da ita a hankali. Wanda ya tsince ta bayan guguwa, ya mayar da ita ruwa marar zurfi, jijiyar tana kallon yashi.