Tambaya da Amsa: Buɗe Kwalba Mai Matoshin Ɓawo Idan Babu Mabuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanina ya dawo daga tafiya, ya kawo mini tsarabar ruwan inabi marar giya kwalba biyu. Ba su da irin marfin da muka saba murɗewa, wani abu ne mai kama da totuwa aka cusa a wuyansu, kuma ba ni da ƙarfen da ake zare shi. Na gwada da tsinin wuƙa, sai ya fara marmashewa. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki mayar da wuƙar nan mazauninta. Na taɓa ganin wani matashi a wurin walima yana ƙwaƙular irin wannan matoshi da wuƙa, ta kuɓuce ta tsaga masa tafin hannu, abin da ya kai shi ga ɗinki a asibiti, kuma tun daga ranar ba na yi wa kowa shiru a kan haka.

Abin da kika gani ɓawon wata bishiya ce da ke fitowa a ƙasashen yankin tekun Bahar Rum da maƙwabtansu, musamman Fotugal, wadda ke samar da kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi. Sai bishiyar ta kai kimanin shekara 25 ake fara saɓule ɓawonta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Yana matsuwa kuma yana komawa yadda yake, shi ya sa ake matse matoshi mai kaurin milimita 24 a cusa shi cikin wuyan da bai wuce milimita 19 ba, sai ya buɗe ya kama gilashin gam. Saboda haka ƙwaƙula ba ta fitar da shi, dole ne a kama tsakiyarsa a ja shi a miƙe.

Amma ki fara duba ko abin da ke ciki mai iskar gas ne. Alamarsa ita ce matoshi mai kan tulluwa wanda aka ɗaure da waya. Idan haka naki yake, kada ki soka masa komai, domin iskar da ke ciki tana iya harbo shi da ƙarfin da zai lahanta ido. Ki sanyaya kwalbar sosai, kada ki girgiza ta, ki karkatar da bakinta inda babu mutum, ki rufe kan da tawul, ki kwance wayar alhali babban yatsanki yana danne da matoshin, sannan ki riƙa juya gindin kwalbar a hankali har ya fito da kansa.

Idan kuwa matoshin ya nutse daidai da bakin kwalbar, kuma babu waya, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta kafinta. Ki nemi sukuru sabo mai tsawon kamar inci biyu da rabi, wanda zarensa ke da faɗi, ki wanke shi, ki ɗaura shi a tsakiyar matoshin da sukundireba, ki bar kimanin faɗin yatsa ɗaya a waje. Daga nan wani ya riƙe miki kwalbar a kan tebur, ke kuma ki kama kan sukurun da filaya, ko da ɓangaren guduma da ake cire ƙusa, ki ja sama sannu a hankali kina ɗan jujjuyawa. Wannan shi ne ainihin aikin da mabuɗin yake yi, wanda wani limamin coci a Ingila, Samuel Henshall, ya fara yi wa rajistar mallaka a shekarar 1795.

Tun da kin ce naki ya soma marmashewa, mai yiwuwa sukurun ya ƙi kamawa. In haka ta faru, ki tura matoshin ciki da ƙotar cokalin katako, kina dannawa a hankali don kada ruwan ya fantsamo miki a tufafi, sannan ki tace shi da mataci ko farin ƙyalle mai tsabta. Ɓawon ba ya cutarwa, sai dai ba shi da daɗi a baki.

Akwai masu sanya gindin kwalba cikin takalmi su riƙa buga shi a bango, da masu gasa wuyanta da wuta. Ban ba ki shawarar ko ɗaya ba, domin gilashi yana iya fashewa a hannu.

Ki kuma karanta takardar jikin kwalbar kafin ki sha, saboda akwai ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba, akwai kuma giyar da aka cire wa sinadarin maye, wadda a ƙasashe da yawa doka ta yarda ragowar da ke cikinta ta kai 0.5 cikin 100. Bayan kin buɗe, ki juye abin da ya rage a mazubi mai marfi, ki sa a firiji, a shanye shi cikin 'yan kwanaki.