Takin SSP ko DAP: lissafin da za ka yi kafin ka zuba jari

Tambaya: Ina sayar da takin zamani. Dilana ya kawo mini SSP a kusan rabin farashin DAP, ya ce ai duk fosfet ne. Shin in kwashe shi da jarina gaba ɗaya?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Dilan bai yi ƙarya ba, SSP (Single Superphosphate) da DAP (Diammonium Phosphate) duk takin fosfet ne, sinadarin da ke ciyar da shuka, kuma duk biyun daga dutsen fosfet ake yin su, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Juya buhun ka duba lambobi ukun da aka buga a jikinsa: ta farko naitirojin, ta tsakiya fosfet, ta ƙarshe fotash. A buhun DAP za ka ga 18-46-0. SSP kuwa fosfet ɗinsa tsakanin kashi 16 zuwa 20 ne cikin ɗari, kuma ba shi da naitirojin ko kaɗan.

Ɗauki biro mu lissafa. Buhun DAP mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na fosfet, ga kilo 9 na naitirojin a kai. Buhun SSP mai kashi 18 kilo 9 na fosfet kawai yake da shi. Ka ga sai an haɗa buhu biyu da rabi kafin a kamo DAP ɗaya, kuma kowane buhu da kuɗin motarsa, da na 'yan dako, da wurin da zai ci a sito. A rabin farashi, in ka auna da fosfet ɗin da ke ciki, SSP ɗin nan ya fi tsada. Sai ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin DAP sannan maganar araha ta taso.

Ban ce ka guje shi ba. Tsohon taki ne, tun 1842 wani Bature masanin noma, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar sarrafa shi a Ingila, kuma yana da farar wuta da kalsiyam, abin da masu noman waken soya da danginsa ke nema da gaske. In kana da irin waɗannan kwastomomi, ajiye musu daidai gwargwado.

Abin da ya fi damuna shi ne "gaba ɗaya" da ka ce. Fosfet ba ya yawo a cikin ƙasa, shi ya sa manomi ke zuba shi lokacin shuka, kusa da saiwa. Da shuka ta wuce, kasuwa ta koma kan yuriya, wato takin naitirojin, kai kuma kuɗinka na kwance a buhuna. Farashin ma ba a hannunka yake ba: kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfet da aka sani a duniya yana Maroko, kuma da China ta taƙaita fitar da takinta a 2021 kowa ya ji a jikinsa.

Raba jarin, ka bar kaso na yuriya. Wanda ka saya kuma ka ɗora shi kan katako, nesa da bango, don danshi na dunƙule shi. Kada ka bari a gauraya SSP da yuriya a ajiye, jiƙewa suke yi su zama kamar laka.