Ciwon jiki bayan barin Tramadol

Ɗan'uwa, ka ce shekara biyu kana shan Tramadol, kuma duk ranar da ka bari sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci su taso maka, kana tambaya ko wata cuta ce daban. A'a, jiki ne ya saba. Tramadol ɗan gidan su kodin ne. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan daidaita aikinta da shi, shi ya sa ƙwayar da ta ishe ka a da yanzu ko gezau. In aka yanke shi farat ɗaya, sai hamma da majina da gudawa da fargaba su biyo baya. Yawanci sukan lafa cikin mako guda, amma kasala da kwaɗayin ƙwayar kan jima.

Kada ka yanke da kanka, je wurin likita ya riƙa rage maka sannu a hankali. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuce miligiram 400 a rana na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa shi da giya ko ƙwayar sa barci ta Diazepam kuwa na iya tsayar da numfashi. In ka yi makonni da bari, adadin da ka saba sha a da yana iya kashe ka.