Amsa kan rufin dal mai yoyo duk da an shafa masa gudron sau biyu

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce gidanka na unguwar Zariya rufin dal ne, wato shimfiɗaɗɗen rufin kankare, shekara takwas da zubawa, an shafa masa gudron, wato kwalta, har sau biyu, amma duk Agusta sai an tara bokiti a falo, kana son sanin wane shafi za ka saya bana. Don Allah kar ka sayi komai tukuna. Dal ɗin da ruwa ke kwana a kansa, ko wane irin shafi aka yi masa sai ya yi yoyo.

Ka fara hawa sama da tiyo ko jarka biyar, a share, a kwarara ruwa, ka tsaya ka ga inda yake bi. Bayan awa ɗaya duk inda ya tsaya ka zagaye shi da gawayi. Ya kamata rufi ya gangara wajen indararo da santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, amma da yawa a garin nan shafe ake zuba su. In kwarin ya yi yawa sai an yi sabon daɓe mai gangara: buhun siminti ɗaya, yashin gulbi wankakke baro biyu da ɗan ƙari, kauri kar ya gaza santimita 3 ko a bakin indararo, don siriri ɓarewa yake. A yi masa ban ruwa kwana 7, a rufe da buhuna, sannan a bar shi mako uku zuwa huɗu ya bushe. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: a manna leda mai faɗin rabin mita da salatif, a bar ta ta kwana. In ƙasanta ya yi gumi, da saura. Wanda ya yi shafi kan danshi zai ga rana ta tayar masa da ƙuraje, su fashe.

Ruwa ba kasafai yake shiga ta tsakiyar dal ba, kuma inda yake ɗiga a ɗaki ba lallai nan ya shigo ba, musamman dal na hurdi, wato wanda aka jera bulo masu rami a cikinsa, da ruwa ke bin ramukan bulon ya fito nesa. Ka duba kusurwar da dal ya haɗu da rawani (gajeren bangon da ya zagaye rufin), bakin indararo, ƙafafun tankin ruwa, inda aka huda don parabol ko sola. Sai babban mai laifi, ƙarafunan jiran bene da ake bari a tsaye shekara da shekaru. Ruwa na bin jikinsu ya sauka, tsatsa ta kumbura ƙarfe, ƙarfe ya fasa kankare daga ciki. A goge su da buroshin ƙarfe, a shafa maganin tsatsa, a zuba musu ƙaramin kankare ya rufe su. In ka ga ƙasan dal na ɓarewa har ƙarfe ya bayyana a ɗaki, wannan ya wuce maganar shafi, a kira injiniya ya gani kafin kowa ya ƙara wa rufin nauyi.

Tsaga kuwa yanayinmu ne ke kawo ta. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, baƙin rufi kuwa yakan kai 70, da dare ya huce. Dal na miƙewa yana tsukewa kullum. Shi ya sa tsagar da aka lallaɓa da ruwan siminti ke sake buɗewa kafin damina ta gaba. A buɗe ta da injin yankan tayil kamar santimita 1 faɗi da zurfi, a hure ƙura sarai, a cika da mastik na poliyuretan, wato danƙon cike tsaga mai talewa. Kar a sa silikon na gilashi, don fenti ba ya kama shi. A kusurwar rawani a yi ɗan tudu mai gangara na santimita 5, kuma shafi ya hau jikin rawanin aƙalla santimita 15.

Gudron da aka shafa maka, in irin wanda ake narkawa a gefen hanya a sirka da gazuwal ko baƙin mai ne, shi ya ƙara ɓata lamarin. Rana na cinye man da ke cikinsa, ya bushe ya tsattsage kamar fatar kada, ruwa ya shige ƙarƙashi ya rasa mafita. Duk gudron da ya saki jiki a kankare shi.

Daga nan hanya biyu ce. Mai ƙarko ita ce tabarmar gudron ta naɗi, mita 1 faɗi, mita 10 tsawo, kauri milimita 4, da ake mannawa da wutar gas bayan shafin farko mai ruwa-ruwa. A fara daga bakin indararo a yi sama, gefe ya hau gefe santimita 10, ƙarshen naɗi 15, har a ga gudron ya ɗan tsattso a bakin haɗi. A zaɓi mai fuskar alminiyom ko tsakuwa, kar a bar baƙa tsirara a rana. Wannan aikin gwani ne, ba na ɗan koyo ba. Ta biyu farin fentin rufi mai talewa, na akirilik, yana sanyaya ɗaki sosai amma ba ya jure ruwa mai kwana, kuma a kan ragowar gudron rawaya yake yi ya ɓare. Yawanci kilo 1 zuwa 1.5 yake ci a kowace murabba'in mita, shafi biyu ko uku, na biyu ya gitta na farko, da ƙyallen ƙarfafawa a kan tsaga da kusurwoyi. Ka karanta jikin bokitin da kanka, kuma kar ka yarda a sirka da ruwa don ya yi auki. Rufin murabba'in mita 100 da aka gama da bokiti biyu an cuce ka.

Lokacin aiki shi ne Maris zuwa farkon Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta lafa, kafin hadarin farko. A wanke rufi, ya bushe, a yi shafi da sassafe a tsaya kafin hantsi ya yi zafi, don kan dal mai zafi saman fenti ke bushewa cikinsa danye. Ranar da aka tashi da hazo a haƙura. In an gama, a toshe indararo, a tara ruwa santimita 5 na awa 24, a duba ɗakuna kafin a biya cikon kuɗin aiki.

Indararon su zama tiyo mai faɗin milimita 100, su fito rabin mita daga bango. A share rufi a Mayu, a sake bayan kowace iska mai ƙarfi, saboda yashi, leda da ganyen dogon yaro su ke toshe su. Farin fenti yakan so ƙarin shafi ɗaya duk shekara huɗu zuwa biyar, ko da zarar ka shafa hannu ka ga yana barin gari kamar alli.