Fulotin ya cika awo, amma magini ya ce a karkace yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini fuloti mai ƙafa 50 da 100 a bayan gari. Mun ja tef a gefe huɗun, duk sun cika. Da na kai maginina, sai ya ce filin a karkace yake. Yaya fili zai cika awo kuma ya karkace? In biya ko in dakata?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna, maginin nan ya san aikinsa. Miƙewar gefe daban, daidaiton kusurwa daban, amma a baki duk "a miƙe yake" muke cewa, kuma nan ne mai saye yake ruɗewa. Ka zare cikin kwalin ashana ka ɗan danna bayansa da yatsa. Babu gefen da ya ragu ko ya lanƙwasa, amma kwalin ya kishingiɗa. Haka fili yake yi, kuma auna gefe huɗu ba ya tona wannan.

Ku koma da tef mai tsawo, ku auna daga kusurwa zuwa wadda ke tsallake da ita, sannan ku auna ɗaya tsallaken. A fuloti 50 da 100 mai daidaitattun kusurwoyi, kowanne zai ba ka kusan ƙafa 111 da inci 10. Idan kusurwa ta kauce da digiri 10, ɗaya zai kai wajen 119, ɗayan ya tsaya wajen 104. Ƙasar da za ka rasa ba ta da yawa, kusan murabba'in ƙafa 76 cikin 5,000. Abin da ya fi damuna shi ne ginin: ɗaki ya fito da tsukakken lungu, a yi ta yankan tayil, kwano ya ƙi zama daidai, in kuma magini ya daidaita katanga da kansa sai ta shiga filin maƙwabci.

Kusurwa ɗaya ma ana gwada ta. Daga turke ka auna ƙafa 3 a wannan gefe, 4 a wancan. Tsakanin alamomin biyu ya zama 5 cif. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Pythagoras a makaranta. A fili ka yi da 30, 40 da 50, kuskure ya fi fitowa.

Karkataccen fili yana sayuwa, amma ka nemi ragi, kuma safiyo ya shata iyaka a takarda kafin kuɗi su bar hannunka.

Tambaya: Malamin lissafi ya ce rular ɗana ta lanƙwasa. Yaya zan gane mai kyau a kasuwa?
Wata uwa daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, ki tafi da takarda da fensir. Ki ɗiga ɗigo biyu nesa da juna, ki ja layi tsakaninsu. Sai ki kifa rular ta koma ɗaya ɓangaren layin, bakin da kika yi amfani da shi ya sake taɓa ɗigon biyu, ki ƙara jan layi. In layukan sun hau juna, ki saya. In sun buɗe a tsakiya kamar ƙwayar ido, ki ajiye ta. Ta roba kuma kada a bar ta cikin rana, zafi yana lanƙwasa ta.